Yanka Roba, Ka Tsira da Gilashi

Ƙannena masu koyon gyaran mota, da ku da kuka gaji tsohuwar motar mahaifi kuke fatan tayar da ita, ku matso ku kasa kunne. Yau ba maganar inji zan yi muku ba, ba kuma ta birki ba. Maganar gilashin gaba ce, aikin da mai kallo daga bakin titi yake gani kamar cire hula a mayar. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da na ji wata 'yar ƙara da har yau ba ta bar kunnena ba.

Ina ɗan shekara 17 a lokacin, ina yaron gareji. Wani Alhaji ya kawo farar Fijo 504, ya ce duk ruwan da aka yi sai ya tarar da shimfiɗar ƙafarsa ta jiƙe sharkaf. Maigidana ya zagaya motar, ya danna robar gilashin da ɗan yatsa, ya ce sai an cire gilashin an ga abin da ke ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Kwance waifa, ka rufe bonet da bargo, ka jira ni in dawo daga masallaci." Na kwance waifa, na shimfiɗa bargo. Jiran ne ya gagare ni. Na ce a raina, bari ya dawo ya tarar na gama, ga gilashi a gefe, ga roba lafiyarta ƙalau, ba sai an sayi sabuwa ba. Na ɗauko sukudireba na cusa a ƙarƙashin robar ta kusurwar sama, na ɗan banƙara. Sai na ji "ƙas!", kamar an karya tsinken tsintsiya. Ina kallo layi ya taso daga kusurwar nan yana jan ciki a hankali, bai tsaya ba sai daidai gaban direba.

Da maigida ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana duban layin, sannan ya ce, "Yaro, nawa ake sayar da roba?" Na faɗa masa. "Gilashi fa?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "To, garin neman gira ka rasa ido." Da Alhaji ya zo da yamma, maigida bai ce masa ai dama gilashin a tsage yake ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a hannunmu ya fashe, mu za mu biya." Ya kuwa biya daga aljihunsa. Da a ce ya zane ni da bel ɗin fanka, da tuni na manta.

A wancan zamani ma gilashin 504 ba wuyar samu yake yi ba. Motar ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969, kuma daga 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motocinsa a Kakuri, cikin Kaduna. A lokacin ita ce motar babban ma'aikaci, ita ce doguwar motar haya mai kujeru layi uku da ke jigila tsakanin Kano, Zariya, Kaduna da Sakkwato, ita ce kuma a-kori-kurar da ke kai buhunan hatsi kasuwa. A Faransa an daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Kayanta a lokacin sai ka zaɓa ka darje. Yau kuwa, wanda ya fasa gilashin 504, ko na 404, ko na tsohuwar Marsandi, sai ya gama zaga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna yana leƙen matattun motoci, wataƙila ya samu, wataƙila ya samu wanda waifa ta gama kartawa. Roba ana iya yin sabuwa. Gilashin da motar ta zo da shi daga masana'anta, in ya tafi ya tafi.

Wannan shi ne kan nasihata, sauran duk rassa ne. Kafin ka ɗora hannu a kan tsohuwar mota, ka tsaya ka rarrabe: me ake samun madadinsa a nan, me ba a samu? Wanda ake samu, kada ka ji tausayinsa. Wanda ba a samu, kada ka gwada masa ƙarfi.

Ku fara sanin cewa ɗaurin gilashi iri biyu ne. Motocin yanzu manna musu gilashi ake yi da wani baƙin gam mai ƙarfi, har gilashin ya zama wani sashe na ƙarfin jikin motar. Yana taimaka wa rufi idan mota ta wuntsila, kuma a motoci da yawa da shi jakar iskar fasinja take jingina idan ta buɗe. Wannan sai an yanke gam ɗin da waya ko wuƙa ta musamman, kuma ba shi ne zancenmu na yau ba. Yawancin tsofaffin motoci kuwa roba ce take riƙe da gilashinsu, roba mai baki biyu. Baki ɗaya ya ciji gefen gilashi, ɗayan ya ciji siririn leɓen ƙarfen da ya kewaye firam. Wata robar tana da tsaga ta uku a fuskarta, inda ƙarfen ado mai ƙyalli yake shiga, ko wata siririyar roba da ke ƙara matse ta. Ba kusa, ba noti. Gilashin zaune yake cikin roba kamar ƙwai a cikin ƙaiƙayi, bai taɓa ƙarfe ko ta ina ba. Duk ranar da ya taɓa ƙarfe, ranar ce ajalinsa.

Shi kansa gilashin ma iri biyu ne, kuma kowanne da irin mutuwarsa. Akwai mai ruɓi biyu, wato falle biyu na gilashi da aka manne da wata siririyar leda a tsakiya, wadda kaurinta a gilasan zamani yake milimita 0.76. Asalinsa yana komawa ga wani masanin sinadarai Bafaranshe, Édouard Bénédictus. Ana ba da labarin cewa a 1903 wata kwalbar gwaji ta faɗo masa ta tsattsage amma ba ta watse ba, saboda wani sinadari da ya bushe a cikinta ya riƙe ta. A 1909 ya yi wa dabarar rajista. Irin wannan gilashi in dutse ya buge shi sai ya yi saƙar gizo-gizo, amma ya tsaya a wurinsa, bai zubo wa direba a fuska ba. Sai kuma gasasshen gilashi, wanda ake zafafawa sama da digiri 600 a ma'aunin Salshiyos, sannan a huce shi da iska farat ɗaya. Wannan fuskarsa tana da ƙarfi ƙwarai, amma in aka ƙwarzane gefensa sai ya tarwatse gaba ɗaya ya zama tsakuwa. Shi ake sa wa a tagogin ƙofa, kuma motocin Turai da yawa sun zo da shi a gaba har cikin shekarun 1970.

Ka duba ƙasan kusurwar gilashin, za ka ga hatimin masana'anta. In ka ga an rubuta Laminated, ko AS1, mai ruɓi biyu ne. In ka ga Tempered ko Toughened, gasasshe ne. In hatimin ya goge, ka duba gefensa bayan an cire, mai ruɓi biyu za ka ga ledar a tsakiya kamar layi. Dukkansu biyun rauninsu a gefe yake. Abin da ban sani ba ke nan ranar da na cusa sukudireba. Kuma in za ka sa wa mota sabo, ka nemi mai ruɓi biyu. Kada ka taɓa yarda a yanko gilashin tagar gida a sa wa mota, ko da firam ɗinta a miƙe yake. Shi in ya fashe wuƙaƙe yake zama.

To, ga cirewa. Ka samu inuwa da wuri mai tsafta, ka samu mataimaki, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka kwance waifa da madubin ciki. Ka rufe bonet da bargo, ka rufe dashbod, ka toshe ramukan iskar da ke ƙasan gilashi da tsumma, don in ɓarɓashi ya faɗa ciki, wata rana fanka za ta watso shi a idon mutum. Ku sa safar hannu da tabarau, ku cire zobe da agogo. Kafin komai kuma, ka tanadi inda za ka ajiye gilashin, tsohon bargo ko katifa. Da yawa sun cire gilashi lafiya, suka tsaya da shi a hannu suna waige-waigen inda za su ajiye, daga ƙarshe suka dangwarar da shi a kan siminti.

Sannan ka ɗauki wuƙa mai kaifi ka yanka robar. Na san zuciya za ta ce maka ai robar nan da sauranta. Ƙarya take yi. Robar da ta sha ranar bazara da ƙurar hunturu shekara talatin ta zama ƙirgi, ko ka cire ta lafiya ba za ta ƙara tare ruwa ba. Ka bi leɓen da ya rufe gefen gilashi daga waje, kana kwantar da wuƙar don kada ta karci gilashi ko fenti, har ka zagaye. In akwai ƙarfen ado a jikin robar, kada ka fizge shi, taushi gare shi, in ya lanƙwashe da wuya ya koma daidai. Gara ka shiga ciki ka yanke leɓen ciki, yadda gilashi da roba da ƙarfen ado za su fito tare, ka raba su a tsanake a kan bargo. Da ka gama yanka, kai kana ciki, mataimakinka yana waje. Ka sa tafin hannu biyu a kusurwar sama ka tura a hankali, ƙarfin ya bazu, ba a wuri guda ba. In ya ƙi motsi, kada ka ƙara ƙarfi. Akwai inda wuƙarka ba ta kai ba, ko wani ya taɓa shafa gam a wurin. Ka nemo wurin.

Da gilashin ya fita, sai ainihin aikin ya bayyana. Ranar da muka cire na motar Alhaji, maigida ya kira ni ya nuna mini kusurwar ƙasa ta gefen direba. Leɓen ƙarfen ya ci tsatsa, ya zama kamar ƙanzon tukunya, yana taɓa shi da yatsa sai ga rami. Ya ce, "Ka ga mai laifin. Gilashi bai yi komai ba." Ruwa yana samun 'yar kafa a tsohuwar roba, ya gangara kusurwar ƙasa ya kwanta, damina bayan damina. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsatsa kuma kumbura take yi, ta matse gefen gilashi, shi ya sa wani lokaci za ka wayi gari ka ga gilashi ya tsage ba wanda ya taɓa shi.

A nan ake gane mai gaskiya da mai neman kuɗin yau. Wurin nan roba za ta rufe shi, mai mota ba zai taɓa gani ba. Kana iya shafe ramin da fila, ka fesa baƙin fenti, ka karɓi kuɗinka, a rabu ana godiya. Amma fila ba ta riƙe roba, kuma tana shan ruwa. Abin da ya kamata shi ne ka kankare tsatsar da burushin waya har farin ƙarfe ya fito. Inda ya huje, a yanke a sa sabon ƙarfe da walda, a goge shi ya yi sumul ba tudu, domin tudu ɗaya kamar ƙwayar gero ya isa ya fasa gilashi. Sai fentin ƙasa mai hana tsatsa, sai fenti, a bar shi ya bushe sosai. Kuma yayin walda da gugar ƙarfe, ka kai gilashin nesa ka lulluɓe shi, domin tartsatsi in ya sauka a kansa nutsewa yake yi, ba ya goguwa. Kada ka cika wurin da silikon ɗin nan mai warin tsami da ake liƙe tagar gida da shi. Tsamin nan cin ƙarfe yake yi, ka ga ka yi wa tsatsa shimfiɗa. In wurin yana bukatar abin toshewa, akwai wanda aka yi don gilashin roba, baƙi ne mai danƙo, ba ya bushewa ya yi tauri.

In gilashin kasuwa za ka saya, kada ka saya a cikin duhun shago. Ka fito da shi haske. Ka bi gefensa da yatsa, duk wanda ya ɓantale a gefe tsagewa tana tafe. Ka duba ko gefen ya yi fari kamar madara, alamar ruwa ya shiga tsakanin fallen biyu ke nan. Ka leƙa ta cikinsa ka dubi wani abu miƙaƙƙe, kamar falwaya, in ka ga tana rawa, haka hanya za ta riƙa yi wa direba. Kafin ka sa masa roba, ku ɗora shi a bakin firam a hankali, da tsumma a ƙarƙashinsa, ka ga ko tazarar ta yi daidai ta kowane gefe. Gilashin da bai dace da firam ba, ba robar da za ta sulhunta su. Roba kuwa, ka sayi mai kyau ko da ta fi tsada, araha ba ta ado.

Yanzu sai mayarwa, inda za ka ga abin mamaki. Kayan aikin da ya fi kowanne muhimmanci a nan ba ƙarfe ba ne, igiya ce. Igiyar nailan mai santsi, wadda ba ta kai kaurin fensir ba, tsawonta ya zagaye gilashin har ya yi saura. In da sanyin hunturu ne, ka shanya robar a rana ta yi laushi, amma gilashin ya zauna a inuwa. Ka kwantar da shi a kan bargo, ka sa masa robar, kusurwa ta dace da kusurwa. In akwai ƙarfen ado, a motoci da yawa yanzu ne lokacin shigarsa, domin in gilashi ya hau mota tsagarsa ta matse. Sai ka cusa igiyar cikin bakin robar da zai ciji leɓen ƙarfe, ka zagaya da ita, bakunanta biyu su gitta juna a tsakiyar ƙasa, ka liƙe su da salatif a fuskar gilashin ta ciki. Ka shafa ruwan sabulu a roba da leɓen ƙarfe. Ruwan sabulu na ce, ba baƙin mai ba, ba giris ba, waɗannan kumbura roba suke yi su ruɓar da ita.

Ku ɗauki gilashin ku biyu, ku ɗora ƙasansa a kan leɓen ƙasa, ku daidaita tsakiyarsa da tsakiyar mota. Mataimaki ya tsaya a waje ya dafa da tafin hannu. Kai ka shiga ciki ka kama bakin igiya ɗaya, ka ja ta wajen tsakiyar gilashin. Za ka ga leɓen roba yana biyo igiyar, yana tsallake ƙarfe yana kwanciya a ciki. Ka ja kamar taƙi ɗaya ta dama, ka saki, ka ja taƙi ɗaya ta hagu. In ka zarce da gefe ɗaya, gilashin zai zame ya bar tsakiya. Na waje ya riƙa bin igiyar da tafin hannunsa, yana dannawa daidai inda ta wuce. Tafi, ba dunƙule ba, kuma ba guduma ko ta roba ce. A kusurwa igiya takan cije. Kada ka fizga, robar za ta yage. Ka riƙa juya hannunka kamar mai dama fura, ka ƙara ruwan sabulu, za ta wuce. Haka har bakunan biyu su haɗu a tsakiyar sama, igiyar ta fito a hannunka, gilashi ya zauna daram.

In kuwa ka kai sama ka ga wani wuri robar ba ta hau ba, ko gilashin ya karkace, to ga jarrabawar ƙarshe. Ka gaji, la'asar ta yi, mai mota yana zaune a benci yana duba agogo, ga sukudireba a kusa. Ka fitar da gilashin ka sake daga farko. Na sha sakewa sau uku a mota ɗaya, ban taɓa nadamar sakewa ba. Sauri ya haifi nawa. In ya zauna, ka sa yaro ya riƙa kwarara ruwa daga saman rufi, kai kana ciki kana duba kusurwoyi da tocila. Gara ka ga ɗigon yau da mai mota ya gan shi a watan Agusta.

Ƙannena, na san zamaninku na gaggawa ne. Kuna kallon aikin nan a waya, an gama shi cikin minti biyar, ba a nuna muku wunin da aka yi ana kankare tsatsa ba. Amma sana'a ba ta canza hali ba. Abin da ya fi kowane tsada a gareji shi ne wanda ba ya lanƙwasuwa, sai dai ya fashe, kuma ba gilashi kaɗai ke da wannan hali ba. Yardar da mutum ya yi maka har ya bar maka motar mahaifinsa ya tafi gida, ita ma haka take. Alhajin nan ya ci gaba da kawo motarsa garejinmu har tsufa ya hana shi tuƙi, kuma ba don ba mu taɓa yi masa ɓarna ba. Don ranar da muka yi, an gaya masa.

Maigidana ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Har yau in na hangi yaro ya nufi gilashin tsohuwar mota da sukudireba a hannu, ba na yi masa tsawa. Sai in karɓe, in miƙa masa wuƙa da igiya, in tambaye shi nawa ake sayar da roba. Allah Ya yi wa sana'arku albarka, Ya ba ku hannu mai sanyi.